Surutun baƙi a Tailan: wanne za ka ɗauka, wanne za ka bari?

Tambaya: "Ina sayar da kayan sawa a Kano, kuma ina shirin fara zuwa Bankok saro kaya, wataƙila ma in riƙa yin wata biyu ko uku a can. Na zauna na karanta abin da baƙi mazauna ƙasar ke cewa a kan labarunta da siyasarta da tsaronta, sai kaina ya ɗaure. Wannan ya ce babu ƙasa mai kwanciyar hankali kamarta, wancan ya ce 'yan sandanta ɓarayi ne, kullum ana kashe baƙi. Wa zan yarda da shi? Kuma in na je, ni ma ina da bakin magana a kan siyasarsu?"

Malam, Allah ya sa a je a sa'a. Na haura shekara goma a Bankok ina aikin tafinta, ina raka 'yan kasuwa da marasa lafiya da ke zuwa daga gida, kuma ina karanta jaridun ƙasar da harshensu. Irin mutanen da ka karanta na san su, da wasunsu ma mun sha zama tebur ɗaya. Kada ka watsar da maganarsu, domin akwai inda suka fi kowa sani. Amma abin da ya fi hatsari a ƙasar nan ba shi suka fi yi wa ihu ba, wani ma ba sa iya furta shi ko kaɗan.

Fara da tambayar kanka wa ke maganar. Baƙin da ke zaune a Tailan miliyoyi ne, kuma mafi yawansu 'yan ci-rani ne daga Myanmar da Kambodiya da Lawos, masu aikin gini da kamun kifi da masana'antu. Ba muryarsu ka ji ba. Wadda ka ji ta waɗanda 'yan ƙasar ke kira farang ce, wato Turawa fararen fata, galibi maza daga Ingila da Jamus da Ostiraliya da Amurka. Da yawansu sun yi ritaya ne suka dawo nan cin fansho, saboda ƙasar tana ba wanda ya kai shekara 50 bizar zama idan ya ajiye baht (kuɗin ƙasar) 800,000 a banki ko ya nuna yana samun 65,000 a wata. Suna zaune a Pattaya da Phuket da Hua Hin da Chiang Mai, ko a ƙauyukan Isan na arewa maso gabas tare da matansu 'yan ƙasa. Mutum ne mai lokaci, mai waya a hannu, ba kasuwar da zai buɗe da safe. Kuma cikin waɗanda na sani, ƙalilan ne ke iya karanta rubutun Tai, ko da sun shekara ashirin a nan. Jarida kamar Thairath, wadda talakan ƙasar ke karantawa, a wurinsu zane ce kawai. Labarinsu yana shigowa ta 'yar ƙaramar taga: Bangkok Post, wadda ke fitowa da Turanci tun 1946, sai ƙananan kafofi na garuruwan yawon buɗe ido, waɗanda su kuma suna tsintar labarin da akwai Bature a ciki ne, don shi ke jawo masu karatu. Bature ya faɗo daga bene a Pattaya, a yi mako ana tattaunawa. Leburori 'yan Myanmar su mutu a wurin gini, da ƙyar ka ga layi uku. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, to ina ga wanda bai iya karanta allon kan titi ba.

Inda za ka saurare su da kunne biyu shi ne sha'anin takardu da ƙananan damfara. Sun san cewa mai doguwar biza sai ya kai rahoton inda yake zaune ga hukumar shige da fice duk kwana 90, sun san takardar TM30 da mai gida ko otal zai cike cewa ka sauka a wurinsa. Sun san direban tasin da zai ƙi kunna mita, da mai adaidaita sahun da zai ce maka yau an rufe fadar sarki, bari ya kai ka wani shagon duwatsu masu daraja. Sun san kada ka bar fasfonka jingina wurin mai hayar babur. Duk wannan gaskiya ne, jiki ne ya gaya musu. Kukansu kuma na cewa ana cajin baƙo ninki goma a ƙofar wasu gandun daji, ko cewa doka ta hana baƙo mallakar fili, shi ma gaskiya ne, sai dai bai shafi mai saro riguna ba. Bar su da shi.

Mu zo kan tsaro. A watan Satumba na 2014 aka kashe wasu matasa biyu 'yan Ingila a tsibirin Koh Tao. Aka kama leburori biyu 'yan Myanmar, suka amsa laifi, daga baya suka janye suka ce azabtar da su aka yi, kotu ta yanke musu hukuncin kisa a ƙarshen 2015, sannan a 2020 aka mayar da shi ɗaurin rai da rai. Har yau in ka ambaci sunan tsibirin nan a gaban tsofaffin farang, ka tayar da musun da ba zai mutu ba kafin dare. Ban ga laifinsu ba, shari'ar tana da wuraren tambaya. Amma ƙasar da baƙi kusan miliyan 40 suka shiga a 2019 kaɗai, irin wannan kisan ba shi ne abin da ke jiran mai zuwa ba.

Abin da ke jiransa titi ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum kusan 22,000 ke mutuwa a hatsarin hanya a Tailan duk shekara, na 2023 ya sauko zuwa wajen 18,000. Raba wannan da kwanakin shekara, za ka ga kimanin mutum hamsin kenan kullum, kuma kashi uku cikin huɗu ko fiye a kan babur suke. Akwai lokacin da ƙasar ta zo ta biyu a duniya a wannan jadawali, Libiya ce kawai a gabanta. Wannan ba ya tayar da hankalin masu sharhi kamar kisan tsibiri, saboda babu asiri a cikinsa, babu wanda za a zarga da rufa-rufa, kuma da yawa daga cikinsu su ma a kan babur suke komawa gida daga mashaya ba hular kwano. Kai kuma da ka saba da hannun tuƙinmu, ka tuna a nan ta hagu ake tuƙi. A makon farko idonka zai riƙa duba ɓangaren da ba nan mota ke tahowa ba, kuma babur yana iya fito maka ta kan dakalin masu tafiya a ƙasa. 'Yan acaɓar Bankok masu riga mai ruwan lemo za su cece ka daga cunkoso, amma ka karɓi hula ka ɗaure igiyarta. Kada ka yi hayar babur ka tuƙa da kanka ba lasisi, don in tsautsayi ya gitta inshora ba za ta biya ba, kuma asibitin kuɗi a nan ba ya wasa.

Ban ce babu tashin hankali ba. An tayar da bam a wurin ibadar Erawan a watan Agusta na 2015, mutum 20 suka mutu, kuma daga nan zuwa kasuwar Pratunam da za ka riƙa saro kaya tafiyar ƙafa ce. Bindiga tana da yawa a hannun jama'a fiye da yadda murmushinsu zai sa ka zata: soja ya harbe mutum 29 a Nakhon Ratchasima a 2020, korarren ɗan sanda ya kashe fiye da 30, yawancinsu ƙananan yara, a Nong Bua Lamphu a 2022. Amma sata da makami a kan titi, irin wadda ke hana mutum fita bayan isha'i, ba ta zama ruwan dare a Bankok ba. Mai cewa ƙasar lafiya lau take, wannan yake nufi, kuma bai yi ƙarya ba.

Akwai kuma yaƙin da farang ba su cika kulawa da shi ba saboda ba wurin shaƙatawarsu ba ne. A ƙarshen kudu, lardunan Pattani da Yala da Narathiwat da wani yanki na Songkhla, mutanen Musulmi ne 'yan ƙabilar Malay, tsohuwar daular Patani da aka haɗe da Siyam, wato Tailan a tsohon sunanta. Daga 2004 zuwa yau an kashe fiye da mutum 7,000 a rikicin 'yan aware da gwamnati. A garin Tak Bai, cikin azumin 2004, an jibge masu zanga-zanga a motocin soja kamar buhuna, 78 suka mutu saboda rashin numfashi, ban da bakwai da aka harbe. Wa'adin shari'ar na shekara 20 ya cika a Oktoban 2024 ba a hukunta kowa ba. Kada ka ɗauki ma'aunin abin da ka sani a gida ka auna wannan, domin tushensa ƙasa ce da harshe da asali, kuma yawanci bai cika tsallake waɗannan lardunan ba. Musulmi a sauran ƙasar suna zaune lafiya, masallatai da abincin halal ba sa wuya a Bankok. Janar ɗin da ya jagoranci juyin mulkin 2006 ma, Sonthi Boonyaratglin, Musulmi ne.

Maganar 'yan sanda kuwa, ba baƙi kaɗai ke yin ta ba, 'yan ƙasa sun fi su ɗaci. Kowa a nan ya san labarin jikan mai lemon Red Bull da ya take ɗan sanda da motarsa a 2012 ya kuma fice daga ƙasar ba a gurfanar da shi ba, da na shugaban 'yan sandan nan na Nakhon Sawan da bidiyo ya nuna yana rufe kan wanda ake tuhuma da ledoji har ya mutu a 2021. Shi wannan an ɗaure shi rai da rai. To amma a nan ne zan ja hankalinka sosai, domin Tailan ɗin da Bature ke ba ka labari ba ita za ta tarbe ka ba. Shi ƙorafinsa an ci shi tarar hular kwano. Kai baƙar fata ne mai koren fasfo. Tun a gida za ka fara gani, inda aka daɗe ana neman takardar wankewa ta hukumar NDLEA kafin a ba ɗan Najeriya biza. A 2017 da 2018 'yan sanda, ƙarƙashin wani jami'i mai suna Surachate Hakparn, sun yi ta kai samame na farautar baƙi marasa takardu, kuma 'yan Afirka da 'yan kudancin Asiya ne suka fi shan kamun, musamman a unguwar Nana, inda Larabawa da mutanenmu ke taruwa. Ni kaina na taɓa gama ciniki da wani mai gida ta waya da harshensu, da na iso ya ga fuskata sai ɗakin ya zama an riga an kama. Wasu daga cikin farang ɗin da kake karantawa, in aka kama ɗan Afirka da ƙwaya ko damfarar soyayya, su ne kan gaba wajen cewa a kwashe mu duka. Ka san da wannan kafin ka ɗauke su malamai.

Don haka takardunka su fi na kowa tsabta. Fasfo ko aƙalla kwafinsa mai tambarin shiga ya kasance a jikinka. Kada ka wuce wa'adin biza ko da kwana ɗaya: tarar baht 500 ce kowace rana har zuwa 20,000, kuma tun 2016 wanda aka kama shi kamu, ba shi ya kai kansa ba, ana hana shi shiga ƙasar shekara biyar, in ya haura shekara guda kuma goma, bayan ya ɗanɗani zaman gidan tsare baƙi na Suan Phlu har ya samo kuɗin tikitinsa. Sannan al'adarmu ta karɓar saƙo a filin jirgi, ka bar ta a gida. Safarar ƙwaya a nan hukuncinta yana kaiwa har kisa, kuma "wani ne ya ba ni in kai wa ɗan'uwansa" ba hujja ba ce. Haka duk yaron da ya ce maka an samo masa aikin kwamfuta a Tailan da albashin dala, ka tsayar da shi ka bincika. Da yawa ta Bankok ake bi da su zuwa Mae Sot, a tsallaka kogi da su zuwa Myawaddy a Myanmar, a kulle su suna damfarar mutane ta intanet. Cikin dubban da aka fito da su a farkon 2025 akwai 'yan Afirka da dama, Habashawa da 'yan Kenya da Yuganda.

Saura siyasa. Tun da aka kawo ƙarshen mulkin sarki mai cikakken iko a 1932, soja sun yi juyin mulki fiye da sau goma, kuma tsarin mulkin 2017 shi ne na 20. Rikicin shekarun nan ya faro ne da Thaksin Shinawatra, attajirin da ya ci zaɓe a 2001 da ƙuri'un talakawan arewa da Isan, ya kawo musu ganin likita da baht 30. Soja suka tumɓuke shi a 2006 yana Amurka. Masu adawa da shi, masu rawayar riga, suka mamaye filayen jirgin Bankok a 2008, magoya bayansa masu jar riga suka mamaye tsakiyar birnin a 2010, aka kashe kusan mutum 90. Ƙanwar Thaksin, Yingluck, ta hau a 2011, kotu ta cire ta a 2014, Janar Prayut Chan-o-cha ya karɓe mulki bayan mako biyu. Kotun tsarin mulki a nan ta fi tankar yaƙi saurin cire firaminista: ta cire ɗaya a 2008 saboda yana gabatar da shirin girki a talabijin, ta cire Srettha Thavisin a 2024, ta cire 'yar Thaksin, Paetongtarn, a 2025 saboda wayar da ta yi da Hun Sen, tsohon firaministan Kambodiya, tana kiransa kawu ana tsaka da rigimar iyaka. Jam'iyyar matasa ta Move Forward ta zo ta ɗaya a zaɓen 2023 da kujeru 151 cikin 500, 'yan majalisar dattawa 250 da soja suka naɗa suka tare mata hanya, kotu ta rusa ta a 2024.

Me farang ke cewa a kan duk wannan? Wanda ke aiki a ofis a Bankok zai ce maka mutanen Isan sayar da ƙuri'a suke yi. Wanda ya yi aure a Isan zai ce shirin baht 30 ne ya ceci surukarsa. Mai mashaya a Pattaya a 2014 cewa yake gara soja, aƙalla titi ya lafa. Kowa yana maimaita abin da ake faɗa a gidan da yake cin abinci ne, ya ɗauka nazarinsa ne. Kuma duk sharhin nasu akwai rami a tsakiyarsa, domin ba a fahimtar siyasar ƙasar nan ba tare da gidan sarauta ba, shi kuwa ba mai iya taɓa shi a fili. In ka ga sharhi ya yi ta zagaye-zagaye ya tsaya cak, ba ƙarewar ilimi ba ce, sashe na 112 ne.

Wannan sashe na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ɓata sunan sarki ko sarauniya ko magaji ko mai riƙon sarauta, ko ya ci musu mutunci, ko ya yi musu barazana. Kowace magana ɗaya tuhuma ɗaya ce, ana tara su. Kowa yana iya kai ƙara, har wanda kuka yi faɗa a kan kuɗi, kuma beli yana wuya. A 2021 an yanke wa wata tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati shekara 43 saboda muryoyin da ta yaɗa a intanet. A 2024 wani matashi daga Chiang Rai, mai sayar da tufafi kamarka, nasa ya kai 50 saboda rubutu a Facebook. Baƙunta ba ta kare kowa. Wani ɗan Suwizalan ya sha giya ya fesa fenti a hotunan sarki a Chiang Mai, aka ba shi shekara goma a 2007. Wani ɗan Ostiraliya ya samu uku a 2009 saboda 'yan layuka a littafin da bai sayar da ko kwafi goma ba. Wani Ba'amurke haifaffen Tailan ya yi rubutunsa yana can Amurka, da ya zo ziyara a 2011 aka kama shi. Baƙin nan uku duk an yi musu afuwa daga baya, gaskiya ne, amma bayansu akwai ofisoshin jakadanci masu nauyi da jaridun duniya. A 2025 ma an kama wani malamin jami'a Ba'amurke, aka janye tuhumar, amma aikinsa da zamansa a ƙasar suka tafi. Kada ka gwada, ko da wasa, ko da turawa ce kawai ka yi, ko da Hausa ka rubuta.

Wadda ta fi kusa da kai ma ita ce dokar ɓata suna, domin a nan laifi ne na ɗauri, har shekara biyu in an wallafa, kuma kasancewar maganarka gaskiya ba kullum take fitar da kai ba. A 2020 wani Ba'amurke ya kwana biyu a kulle saboda ya rubuta mummunan sharhi a kan wani otal a tsibirin Koh Chang, sai da ya ba da haƙuri a rubuce aka rabu. Kai ɗan kasuwa ne, wata rana wani zai karɓi kuɗinka ya cika maka kwali da kayan da ba su ka zaɓa ba. Abin da muka saba a gida, ka ɗora hotonsa ka rubuta ɓarawo, a nan shi zai mayar da kai wanda ake tuhuma. Riƙe rasit, nemi tafinta, kira 'yan sandan masu yawon buɗe ido a 1155, a zauna a sasanta.

To kana da bakin magana? A kan tsadar kaya, cunkoso, ambaliya, har ma firaminista, kana iya hira da wanda kuka saba, su kansu ba sa raga wa 'yan siyasarsu. Zanga-zanga kuwa ko kallo kada ka tsaya yi. A 2010 wani ɗan Ingila da wani ɗan Ostiraliya sun shiga cikin masu jar riga, aka ɗaure su, aka tasa ƙeyarsu. Kuma akwai abin da kai ka fi Bature saurin ganewa: abin da suke kira kreng jai kusan shi ne kararmu, ba a kunyata mutum a gaban jama'a, wanda ya ɗaga murya shi ya faɗi ko da shi ke da gaskiya. Rabin rigimar da farang ke ba da labari daga nan take farawa. In ka ji taken ƙasa ƙarfe takwas na safe ko shida na yamma a tashar jirgin ƙasa, ka tsaya yadda kowa ya tsaya. In kuɗi ya faɗi iska na jan sa, kada ka taka shi da ƙafa, hoton sarki ne a jiki.

Labarin da ya tayar maka da hankali, ka duba shi a wuri fiye da ɗaya: Bangkok Post, Thai PBS, Khaosod na Turanci, da Prachatai ga abin da ya shafi shari'o'in siyasa. Ka kuma duba kwanan wata, don ana yawan sake yaɗa tsohon labari, kuma shekararsu ta addinin Buda tana gaban ta Miladiyya da 543, wato 2568 ita ce 2025. Sauran kuma ka tambayi mutanenmu da ke Pratunam da Nana da masu harkar duwatsu masu daraja a unguwar Silom, ranar Juma'a za ka same su a masallatai irin na Haroon da ke Bang Rak. In za ka sa ranar tafiya, kauce wa tsakiyar Afrilu. Bikin Songkran ne, 13 zuwa 15 ga wata, shaguna da yawa a rufe, ɗaruruwa na mutuwa a hanya cikin mako guda, kuma duk wanda ya fito titi sai an sheƙa masa ruwa, da shi da kwalin kayansa.